Maganin da Ke Kwana Gidan Maƙwabta

Shekara arba'in Baba Tanimu na ɗinkin takalmi a Aboabo.
Ya san tafin ƙafar kowa a unguwa,
wa ke cinye dunduniyar hagu, wa ke jan ƙafa,
amma bai taɓa juya tasa ya duba ba.
Tabon da ke can, baƙi kamar ɗigon kwalta,
ya ce rinin fata ne, wanka zai fid da shi.
Damina uku wanka bai fid da shi ba.
Ranar da muka ga jini a safa
ciwon ya riga ya ajiye kaluluwa a matsematsi,
ya hau sama, ya kama ɗaki a hanta.

A Komfo Anokye, likita Ofosua ta juya katin asibiti
ta zana mini kwaɗo da ɗan makulli.
Ta ce dajin fata iri-iri ne,
in nasa mai irin wannan kwaɗon ne
akwai ƙwayar da aka yanka daidai bakinsa.
In ba shi ba ne, babu.
Baba ya ce, ashe su ma sai sun auna suke yanka.

Suka ɗebi tsoka, ba ta kai ƙwayar dawa ba,
suka aika ƙasar waje a gwada.
Naman ƙafarsa ya riga shi hawa jirgi.
Kwana ashirin da uku ina kwana da waya a hannu.

Ya dace.

Sai kuɗin. Na ƙirga sifirin sau biyu.
Hambali, da ke walda a Italiya, ya turo na wata biyu.
Filin Buokrom ya tafi.
Keken ɗinki ne Baba ya ɗora hannu a kai,
ba wanda ya sake tayar da maganar.

Biyar na asuba, biyar na yamma, ciki babu komai.
Koko ya huce yana jiran awa guda ta cika.
Ƙaramar ƙwayar ba ta son zafi,
wutar layinmu kuwa baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi,
don haka take kwana a firijin Maame Serwaa mai janareto,
cikin gwangwanin madara, tsakanin kwalaben soɓo.
Tun duhu nake ƙwanƙwasa mata.
Ba ta taɓa tsaki ba, sai dai ta ce, yaya tsoho?

Mako na uku zazzaɓi ya kayar da shi,
bargo uku, haƙora na kaɗawa, na ce mun kashe shi da kuɗinmu.
Mako na shida kaluluwar da ta kai ƙwan kaza
ta koma gyaɗa.
Ya taka da ƙafarsa zuwa Juma'a,
yana tsayawa yana duba takalman mutane a bakin masallaci,
yana gane nasa.

Likita ta ɗaga hoton, ta yi murmushi, sannan ta rage murya.
Ta ce ciwon yakan koyi sauya kwaɗo.
Wata takwas, wata goma, wani ya fi haka.
Da Turanci ta fara, ta ƙarasa da Tuwi,
ni kuma ban fassara ba.
Sai a cikin turoturo, wajen Kejetia, na tuna
Baba ya fi ni jin Tuwi.
Yana ta kallon masu talla ta taga.

Yau ya ce in tsaya a kan kwali.
Ya bi gefen ƙafata da fensir, a hankali,
sannan ya ɗaga ta, ya juya tafin wajen haske,
ya duba tsakanin yatsu, ya duba dunduniya,
ya daɗe.
Ya ɗauko fata ya yanka ƙafa uku, duk awona.
Na ce, Baba, uku na mene ne?

Ya ce, biyar ta kusa, Zulai.
Je ki ƙwanƙwasa wa Serwaa.